Inji Daban, Allo Daban: Tarihin Kallo a Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar noman da ta shimfiɗu arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunchi, tana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, kuma wannan cika ce ta ja hankalin masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda tun a shekarun 1960 ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba, suna ciyar da ita da takin dabbobinsu da wanda jakuna suke ɗaukowa daga birni. A nan gona tana jingine da gona, ƙauye kuma yana hango ƙauye ta tsakanin gawo da ɗorawa da kuka, har baƙo ya rasa inda wannan unguwa ta ƙare da inda waccan ta fara. Wannan zama na kusa da kusa yana da wani sakamako wanda masu nazarin noma ba su cika tsayawa a kansa ba, wato sauƙin tara jama'a, domin duk wanda ya kafa farin ƙyalle a dandali bayan sallar isha'i zai iya samun ɗaruruwan masu kallo daga unguwanni uku ko huɗu, kowa a ƙafa ya zo, a ƙafa kuma zai koma.

Kalmar allo, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ta fara zama ne a hannun almajiri, inda take nufin katakon da yake rubuta karatunsa da tawada ya wanke ya sake, sa'annan boko ta zo da baƙin allo na jikin bango wanda aji guda suke duba tare, daga bisani kuma aka miƙa kalmar ga fuskar talabijin da ta kwamfuta. Idan aka bi sawun wannan allo na ƙarshe, mai haske da motsi, za a ga cewa a karkarar Kano ya shafe kusan shekara 80 galibi yana zaune daban da injin da yake ba shi hoto, a tsakaninsu kuma akwai haske ko waya, da mutumin da ya san yadda ake haɗa su. Kwamfutar da aka ɗinke injinta da allonta a jiki ɗaya baƙuwa ce a wannan tarihi, kuma abin da mutanen yankin suke yi da ita idan ta shigo hannunsu, wato neman hanyar jona mata wani allo na waje, ba zai fahimtu sosai ba sai an koma baya zuwa zamanin majigi.

Majigi shi ne sunan da Hausawa suka ba sinimar tafi-da-gidanka ta gwamnati, kuma asalin kalmar daga sunan Ingilishi ne na wata tsohuwar fitilar haska hotuna a bango. Wanda ya assasa ta a Nijeriya wani jami'in kiwon lafiya ne mai suna William Sellers, wanda ya fara nuna fina-finan tsafta a Legas a ƙarshen shekarun 1920 lokacin annobar da ɓeraye suke yaɗawa, kuma shi aka ɗora a kan sashen fina-finai na ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Motar majigi takan iso gari da la'asar ɗauke da injin wuta da na'urar haska fim da lasifika da allon ƙyalle, ma'aikatan su kai gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, a sa sanƙira ya yi shela, sa'annan a kafa allon a ƙofar fada ko a filin makarantar elementare a jira duhu. Fim ɗin mai faɗin milimita 16 ne, sau da yawa kuma ba ya magana da bakin da jama'a suke ji, don haka akwai mai fassara wanda yake riƙe da makirfo yana bayyana abin da ake gani da Hausa, yana ƙara gishirinsa inda ya ga hankali ya fara watsewa. Abin da ake nunawa kuwa shi ne yadda ake shuka gyaɗa a jere da yadda ake tsaftace rijiya da amfanin yaƙi da jahilci, bayan an sami gwamnatin Jihar Arewa kuma sai aka riƙa haɗawa da labaran rangadin Sardauna Ahmadu Bello da sarakuna, da wasanni irin su Baban Larai wanda aka shirya don koyar da manoma.

Abin lura a tsarin majigi shi ne rabon aiki tsakanin kayan. Na'urar tana baya, allon yana gaba, jama'a suna tsakiya, kuma allon ba shi da wata daraja ta kansa, domin idan ƙyallen ya yage ana iya haska hoton a bangon da aka shafa wa farar ƙasa, girman hoton kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka ja na'urar baya. Saboda haka tun farkon saduwarsu da hoto mai motsi mutanen karkara suka saba da cewa allo abu ne da ake faɗaɗa shi daidai da yawan idanun da suka taru. Brian Larkin, wanda ya rubuta littafi a kan tarihin sinima da rediyo a Kano mai suna Signal and Noise a 2008, ya nuna cewa irin wannan rabo ya kasance har a rediyon farko, domin a 1944, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, an buɗe tashar da take kama shirye-shirye a wuri ɗaya ta rarraba su ta waya zuwa akwatunan lasifika a gidaje da wuraren taruwa. Gidajen sinima na kuɗi, irin su Rex da aka buɗe a 1937, na birni ne, kuma malamai da dattawa sun daɗe suna ƙyamarsu, musamman bayan gobarar El Duniya ta 1951 wadda ta ci rayuka fiye da 300. Majigi kuwa, da yake a sarari ake yin ta da izinin masu sarauta, ba ta gamu da wannan ƙyama ba, har mata da yara suna halarta.

Talabijin ta zo da wani sabon abu, domin ita ce na'ura ta farko da ta kulle inji da allo a akwati guda. An buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo a 1962, Kano ta sami tata a tsakiyar shekarun 1970, sa'annan gwamnatin Abubakar Rimi, wanda ya mulki jihar daga 1979 zuwa 1983, ta kafa CTV wadda yau ake kira ARTV. Sai dai akwatin ya iso ƙauyuka tun kafin wutar NEPA ta iso da yawansu, don haka aka riƙa kunna ƙaramar talabijin mai baƙi da fari da batirin mota, a ɗaura eriya a kan dogon gora a riƙa juya ta wajen birni har hoto ya daina yayyafi. Wanda ya mallaki akwatin ba ya iya killace shi a ɗaka, domin yaran unguwa za su cika zaure su cika ƙofar gida a daren da ake nuna Samanja ko fim ɗin Indiya, a ƙarshe dole a fito da shi waje a ɗora a kan tebur ko turmi. Allon da bai wuce inci 14 ba ya ɗauki nauyin da ƙyallen majigi yake ɗauka a da, kuma daga wannan matsi ne gidan kallo ya samo asali, wato rumfar zana ko ta kwano mai bencina, inda ake biyan kuɗi kaɗan a ƙofa.

Bidiyo ce ta sake raba inji da allo, ita ce kuma ta mayar da jona waya wata 'yar sana'a. Na'urorin farko ana haɗa su da talabijin ne ta wayar eriya, sai an murɗa akwatin an nemo tashar da bidiyon take fitowa a kai, daga baya kuma aka sami waya mai kawuna uku, rawaya na hoto, ja da fari na sauti, wadda har yau babu kasuwar ƙauyen da ba a samunta a teburin mai sayar da batir da fitila. Fitowar Turmin Danya a 1990, da bunƙasar fina-finan Hausa bayan Sangaya a 1999, sun sa kaset ya riƙa tafiya daga Ƙofar Wambai zuwa kasuwannin mako na Bichi da Dambatta a cikin kayan 'yan koli, kuma zuwa lokacin da gwamnatin jiha ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001 gidajen kallo sun yi yawan da sai da aka sa su cikin abin da hukumar take sa wa ido. Bayan kaset faifan sidi ya zo, bayansa kuma dikoda da kwanon tauraron ɗan'adam da ƙwallon ƙafar Ingila da Sifen, amma tsarin bai sauya ba, ana canza injin da ke kan kanta ne a bar allon yana nan, ko a canza allon a bar injin. Mai gidan kallo da yake da wasa biyu a dare ɗaya yakan jera talabijin biyu ko uku, kowace da dikodarta, ya san wace waya ce ta wace, ko da wuta ta ɗauke yana lalube a duhu.

Kwamfutar da ta fara shiga sakatariyoyin ƙananan hukumomi da makarantu da shagunan buga takardu ta dace da wannan sabo, domin gida-gida take zuwa: akwatin inji a ƙasan tebur, monita, wato allon kwamfuta, a kansa, sai madannai da linzami. Wayar da take haɗa akwatin da monita ita ce VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, mai shuɗin kai da tsinke 15 a layi uku da kusoshi biyu da ake murɗawa da hannu. Yawancin waɗannan kaya na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka suka shigo ta Legas suka iso shagunan Titin Beirut da Farm Centre a Kano, kuma amfaninsu ga mai ƙaramin jari shi ne cewa kowane ɓangare ana sayensa shi kaɗai. Bayan shigowar wayar salula a 2001, musamman da wayoyi masu memori suka yawaita, an sami sana'ar masu tura fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai a waya, kuma a garuruwa da yawa na yankin teburin mai turi shi ne wurin da yaro ya fara ganin kwamfuta tana aiki.

Dunƙulalliyar kwamfuta, wato wadda aka cusa injinta gaba ɗaya a bayan allonta, tunani ne da kamfanin Apple ya shahara da shi tun daga Macintosh ta 1984 da iMac ta 1998, daga baya HP da Dell da Lenovo suka cika kasuwa da irinta. Dalilan da suka sa hukumomi da masu ba da tallafi suke sonta a bayyane suke: wayar wuta ɗaya take buƙata, ba ta cin wuri, kuma da yake kayan cikinta irin na kwamfutar tafi-da-gidanka ne, wutar da take sha ba ta kai ta tsohon akwati da monita mai ƙeya ba, abin da yake da muhimmanci ga makarantar da take dogara da sola ko ƙaramin janareta. Buƙatar kwamfuta a makarantu ta ƙaru ƙwarai tun da hukumar JAMB ta fara jarrabawa a kan kwamfuta a 2013 ta kuma mayar da ita tilas a 2015, domin daga lokacin ɗan manomin da bai taɓa riƙe linzami ba yana iya faɗuwa a abin da ya sani saboda hannunsa bai saba ba. Amma an ƙera dunƙulalliyar ne don mutum ɗaya a tebur ɗaya, alhali ajin sakandare a karkarar Kano yakan tara ɗalibai masu yawa a gaban kwamfuta ƙwaya ɗaya ko biyu, kuma allon da bai wuce inci 22 ko 24 ba, na layin gaba kaɗai yake yi wa amfani.

A nan ne tsohuwar dabara take dawowa, a nemo babbar talabijin mai shafaffen jiki, wadda jama'a suke kira filasma ko wace iri ce, ko kuma na'urar haskawa wadda har yau sunanta majigi, a jona ta da kwamfutar. Aikin yana farawa ne da duba bayan na'urar, domin kafofin da ke can ba duka suke aiki iri ɗaya ba, ko da sun yi kama. HDMI, wadda ta fito a farkon shekarun 2000, tana ɗaukar hoto da sauti a waya guda, kuma ita ce kusan kowace filasma take da ita. Sai dai a jikin dunƙulalliyar kwamfuta kafar HDMI tana iya zama ta fita, wadda take tura hoto zuwa wani allo, ko ta shiga, wadda take karɓar hoto daga wata na'ura ta mayar da kwamfutar monita kawai. Wasu suna da duka biyun a jere, da ɗan rubutu ƙarami ko kibiya da take bambanta su, wasu kuma guda ɗaya ce tak. Wanda ya soka waya a kafar shiga yana jiran hoto ya bayyana a talabijin zai yi ta jira, kuma mutane da yawa sukan ɗauka wayar ce ta lalace su sake sayen wata, alhali ƙofar ce ba ta fita ba ce. Idan babu kafar fita ko ɗaya, akwai adaftar da ake sokawa a kafar USB wadda take aiki da wata manhaja da ake ɗorawa, a sababbin na'urori kuma kafar USB-C takan fitar da hoto, amma ba kowace ba, sai wadda aka ƙera ta da wannan iko.

Wahala ta biyu ita ce ta haɗa tsoho da sabo, kuma ita ce ta fi yawa a inda tsofaffin monitoci suke jibge a sito. VGA tana aika hoto ne a matsayin igiyar lantarki mai hawa da sauka, HDMI kuwa tana aika shi a matsayin lambobi, don haka waya zalla ba ta isa ta sada su, sai an sa wata 'yar na'ura a tsakani mai juya wannan harshe zuwa wancan. Wannan na'ura hanya ɗaya take bi, wadda take karɓar HDMI ta fitar da VGA ba za ta yi akasin haka ba, kuma da yake VGA ba ta ɗaukar sauti, sai an ja wa lasifika wayarta daban. Idan an jona komai daidai, an kuma zaɓi mashigar da ta dace a rimot ɗin talabijin, saura a gaya wa kwamfutar abin da ake so ta yi da allon na biyu, kuma a Windows ana yin haka ne da danna maɓallin tambarin Windows tare da harafin P. Zaɓi huɗu suke fitowa: a tsaya a allon kwamfutar kaɗai, ko a kwafi abin da ke kansa zuwa na waje, ko a faɗaɗa wurin aiki ya ratsa alluna biyu, ko a kashe na jiki a bar na waje. Malamin da yake koyar da aji kwafi yake buƙata, domin abin da hannunsa yake yi shi ɗalibai za su gani. Mai shagon buga takardu ko mai cike wa manoma fom kuwa faɗaɗawa ta fi masa, ya juya allo ɗaya wajen mai aikin ya duba sunansa da lambarsa kafin a tura, wanda hakan yana rage kurakuran suna da ranar haihuwa da suke wahalar da mutane shekaru bayan an yi su.

Zaɓi na huɗu shi ne ya fi bayyana raunin dunƙulalliyar kwamfuta a wannan yanki. Ƙurar hunturu tana shiga ta kafofin iska ta toshe 'yar fankar da ke ciki, zafin bazara wanda yake wuce digiri 40 a watan Afrilu yana haɗuwa da zafin injin da ke manne da bayan allo, wutar janareta kuma tana hawa tana sauka, ga hanyar da aka bi da na'urar a bayan babur kafin ta iso. Idan monitar tsohon tsari ta mutu ana ɗauko wata a jona cikin minti biyu, amma idan allon dunƙulalliya ya tsage ko haskensa ya mutu, dole a nemo na irin samfurinta daidai, wanda sau da yawa ba ya samuwa sai an yi oda daga Legas ko ƙasar waje, kuɗinsa kuma yana iya kusantar na wata kwamfutar ta hannu. Abin da masu gyara suke yi shi ne su jona mata monita ta waje su bar mataccen allon a matsayin murfi, ta haka sai na'urar da aka ƙera don kawar da akwati da waya ta koma akwati da waya. Wannan ceto yana yiwuwa ne kawai idan tana da kafar fita, kuma a nan akwai abin takaici na gaske, domin jami'in da yake sayo wa makarantu kaya yakan duba girman memori da saurin inji a takarda, ba ya juya na'urar ya ga bayanta, alhali wannan 'yar kafa ce take yanke hukuncin ko kwamfutar za ta ci gaba da aiki bayan allonta ya mutu ko za a tura ta sito ta zauna a ƙarƙashin ƙura. Masu gyara sukan kuma gargaɗi mutane da su kashe na'urorin biyu kafin su soka wayar HDMI, musamman a ginin da wutarsa ba ta da wayar ƙasa, domin tartsatsi kaɗan yana iya ƙona kafar.

Wayar hannu ta kawo wa yankin allo na mutum ɗaya a karo na farko, kuma ta shiga har cikin gidajen da talabijin ba ta taɓa shiga ba, inda matan aure suke kallon fim ɗin da aka turo musu a memori. Duk da haka allon taro bai kau ba. Lokacin da ƙasar Sin ta yi alkawari a 2015 cewa za ta kai talabijin ta tauraron ɗan'adam ƙauyuka 10,000 na Afirka ta hannun kamfanin StarTimes, inda aka ware wa Nijeriya ƙauyuka 1,000, kayan da aka tsara wa wuraren taruwar jama'a sun haɗa da majigi mai aiki da sola, wato kusan abin da motar gwamnati take saukewa a ƙofar fadar hakimi shekara 70 kafin nan, sai dai babu injin wuta babu mai fassara. A gidajen kallo na Bichi da Dambatta ma majigi ta dawo a daren manyan wasanni, ana haska ta a bango ko a farin yadi, hoton kuma yana zuwa ne daga dikoda ko daga kwamfuta ta wayar HDMI mai tsawon mita biyar ko goma da aka ratayo a jikin azarar rumfa don kada ƙafar masu shiga ta fizge ta.